Lambar da Ba Ta Fara da Sifili Ba

Ƙannena maza da mata, ba zan faɗa muku sunana ba, domin Innata tana raye, kuma kunyar da na ja mata ta ishe ta. Abin da zan faɗa muku shi ne yadda nake a da, da yadda na lalace.

A Anka aka haife ni. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, Inna ce ta rene ni da tuyar ƙosai a ƙofar gida. Ban taɓa satar ko kaza ba. Ba na shaye-shaye, ba na caca, sallah ba ta wuce ni. Aibina ɗaya da kowa ya sani shi ne karatun littattafan soyayya. Akwai wani mai shago a kasuwar Gummi da ke ba da su haya, idan direbobi za su je can sai in ba su waɗanda na gama, su canjo mini wasu. Na karanta su har na fi sanin unguwannin masu kuɗi na Kano da Abuja fiye da lungunan garinmu. A cikinsu saurayi kullum daga ƙasar waje yake dawowa, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga falo, kuma ba a faɗin sana'arsa, sai dai a ce yana da harkoki a Dubai. Na sa wa raina cewa sai an zama haka ake cancantar a so mutum.

Da na gama sakandare sai na kafa rumfar cajin waya a bakin tasha, daga baya na haɗa da cirar kuɗi. Kowa yana kirana Mai Caji. Rumfar ta zama wurin zaman masu sayen zinare, waɗanda ke karɓa daga hannun masu haƙa na ƙauyukanmu. A wurinsu na fara ganin yadda duniya take haɗe. Kowace safiya kafin su ɗora ko ƙwaya a sikeli, sai ɗayansu ya kira wata doguwar lamba wadda ba ta fara da sifili irin namu ba. Ya ji yadda zinare ya kwana a Dubai, ya ji yadda dala ta kwana, sannan ya yanka wa mutanen Abare da Tungar Daji farashi. Wani daga cikinsu, mutumin Burkina Faso, ya taɓa yi mini bayani. Ya ce zinaren yakan tafi can, amma kuɗinsa ba sa hawa jirgi su dawo. Wani ɗan kasuwa ne a Kano mai son dala a Dubai don ya sayo wayoyi da yadi, shi zai zuba Naira a asusun mai sayen zinare, a can kuma a miƙa wa wakilin ɗan kasuwar dala. Mu dai a nan sai mu ji ƙarar alat ɗin banki a waya.

Abin ya burge ni ƙwarai. Ita kuwa Inna haushi ya ba ta, don duk ranar da aka ce dala ta tashi, sai wake da man gyaɗa su bi ta. Takan ce, "Mi yah haɗa wakena da dala? Ni ko ganinta ban taɓa yi ba, amma kullum tana cikin kaskona."

A rumfar nan na fara ganin Luba. 'Yar ƙauyen Duza ce, takan kawo wayar mahaifinta caji ranar kasuwa. Ba zan yi muku dogon bayanin kyanta ba, don na gane cewa duk kalmomin da nake da su na aro ne. Abin da na sani shi ne idan ta yi dariya takan rufe bakinta da bakin mayafi, idanun su ci gaba da dariyar su kaɗai. Ranar farko ta tarar da ni na duƙufa kan littafi, har ta yi sallama ban ji ba. Ta ce, "Malam, in an ɗaura auren na cikin littahin, ka taimaka ka sa muna caji."

Daga ranar ta raɗa mini Alhajin Littafi.

Mahaifinta, Baba Mani, manomi ne. A shekarun da gubar dalma ta shiga ƙauyukanmu, lokacin da ake kawo dutsen zinare cikin gida ana niƙawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe, ya binne 'ya'yansa biyu, ƙannen Luba. Bayan an zo an kwashe ƙasar gidaje an zuba sabuwa, ya yi rantsuwa a gaban jama'a cewa hannunsa ba zai sake taɓa dutsen nan ba. Ya sayar da abin da ya mallaka ya sayi shanun huɗa biyu da garma. Da su yake noma gonarsa, ya yi wa wasu huɗa a biya shi. Shanun nan su ne suka tsaya tsakaninsa da ramin zinare. Na san wannan sarai, don da bakinta Luba ta faɗa mini.

Ƙaryata ta farko ba don kuɗi na yi ta ba. Wata rana muna hira a rumfa ta tsokane ni, ta ce, "To kai Alhaji, ban da caji da littahi, mi kake da shi?"

Zuciyata ta yi zafi. Sai na ji bakina ya ce, "Ina da abokin hulɗa a Dubai. Ban cika son faɗa ba ne."

Ta ce, "Awo? To in kun yi waya ka ce 'yar Duza tana gaishe shi."

Da na bar maganar a nan, da ta mutu a matsayin wasa. Amma dariyarta ta tsaya mini a rai. Da na je Gusau sayen kayan caji, sai wani mai gyaran waya ya nuna mini cewa da ɗan kuɗi kaɗan ana iya sa wa mutum lambar ƙasar waje a wayarsa, ya riƙa aika saƙo da ita kamar yana can. Na sayi wata tsohuwar waya aka sa mini. Na dawo na ɓoye ta a aljihun teburin rumfa, na aika wa kaina saƙo da Turanci, wai daga abokin hulɗar nan nawa, wani Balarabe, yana gaishe ni yana gaida amaryata. Ranar kasuwa na nuna wa Luba. Ba ta jin Turanci sosai, amma ta ga lambar. Ta daina dariya, ta dube ni da wani irin kallo wanda na daɗe ina karanta labarinsa ban taɓa samu ba. Wannan kallon shi na saya, kuma shi na yi ta biya har na ƙare.

Magana ta bazu. Lokacin kuwa mutane suna cikin tsoro iri biyu. Naira tana ta zubewa, abin da ka ajiye da kaka ba ya sayen rabinsa da bazara. Ga kuma 'yan bindiga a daji suna kore dabbobi. Mai saniya ba ya barci, mai kuɗi a asusu shi ma ba ya barci. Sai mutane suka fara zuwa rumfata a asirce. Wani ya ce, "Mai Caji, an ce kana da mutum can waje. Ka aje muna ɗan abin ga cikin dala, inda ɓarawo ba ya iya kora tai."

Da farko gaskiya na riƙe. Nakan tafi Gusau wurin 'yan canji in sayi dala da kuɗin mutane in ɓoye. Idan ta tashi in sayar, in mayar wa kowa da nasa har da riba, in ce Balarabe ne ya juya. Ku lura da wannan, ƙannena. Sana'a ce da zan iya yi da sunana, a fili, in ɗauki ladana. Amma na san babu mai ba Mai Caji ɗan mai ƙosai dukiyarsa. Lambar suke ba wa. Ni ma kuma na fi son mutumin da lambar ta mayar da ni.

Wanda ke hulɗa da Dubai ba ya zuwa zance a kan tsohon babur. Na fara taɓa kuɗin kaɗan-kaɗan, da niyyar idan dala ta sake tashi riba za ta rufe. Na ɗinka shadda, na sayi agogo da turare mai tsada. Na riƙa ɗaukar shatar mota zuwa Duza, yara suna bin ta da gudu. Na fara haɗa lefe irin wanda ba a taɓa kaiwa ƙauyen ba. Inna ta ga akwatunan ta ce, "Ɗan nan, cajin waya ad da wanga duka?" Na ce mata harka ce ta buɗe. Ta ce, "Allah shi sa ta halak ce." Ta juya ta ci gaba da jiƙa wakenta.

Bayan an gama girbi sai ga Baba Mani da kansa a rumfata. Lokacin an riga an ba ni Luba, an ce sai bayan damina mai zuwa a ɗaura. Na shimfiɗa masa tabarma, na durƙusa na gaishe shi. Ya ce an kore shanun maƙwabcinsa, shi ma ya san ana kallon nasa. Ga shawarar da ya yanke: zai kai shanun kasuwar Gummi ya sayar, ya ba ni kuɗin su yi rani a wurin Balarabe, idan hadari ya fara haɗuwa in dawo masa da su ya sayi wasu.

Na ce, "Baba, ko dai a bar shanun?"

Ya ce, "In bar su ga wa? Kai ɗana ne yanzu. Da in ba daji, gara in ba ka."

A wannan lokacin akwai rami a cikin kuɗin mutane wanda ni kaɗai na san zurfinsa. Kalma ɗaya ta ishe ni in tsirar da shi. Amma idan na ƙi karɓa zai tambayi dalili, dalilin kuma zai kai kunnen Luba. Na sunkuyar da kai na ce Allah ya sa albarka. Da ya sayar ya kawo, na karɓa da hannu biyu.

Don in cike ramin da sauri, sai na faɗa hannun waɗanda suka fi ni iya sana'ata. Akwai wani kamfani a intanet da ake ta yayatawa a lokacin, wai yana ƙasar waje, yana juya dala ta ninka cikin ɗan lokaci. Wakilinsu ya riƙa turo mini saƙo da wata doguwar lamba, ita ma ba ta fara da sifili ba. Ku yi mini dariya idan kuna so. Ni da na san nawa ake sayen irin lambar nan, ni ne na yarda da ita. Na kwashe duk abin da ya rage, har da kuɗin shanun Baba Mani, na tura. Kullum ina buɗe waya in ga lissafi yana hawa, ina tsara yadda zan saya masa shanu huɗu maimakon biyu. Wata safiya na buɗe, shafin ya ƙi buɗewa. Na kira lambar, ba ta shiga. Kuɗin Duza da Abare da Anka sun tafi wata ƙasa da har yau ban san sunanta ba.

Bazara ta yi, zafi ya tsananta, hadari ya fara leƙowa daga gabas. Masu kuɗi suka fara zarya. Ina ce musu bankin can ne ya riƙe, ana bincike, doka ce ta ƙasa da ƙasa. Ina nuna musu saƙonnin da na rubuta da hannuna. Wasu suka fara zagina a kasuwa.

Luba tana da wata aminiya, Sista Rifkatu, ma'aikaciyar jinya 'yar Kudancin Kaduna da ta daɗe tana aikin gwajin jinin yara a yankinmu. Ashe Luba ta haddace lambar Balarabe tun ranar da na nuna mata. Ta ari wayar Sista. Wata rana da hantsi na jawo aljihun tebur, na ga saƙon murya ya shigo tsohuwar wayar. Na sa a kunne, sai na ji muryar Luba.

"Salamu alaikum, ranka shi daɗe. Ban sani ba ko kana jin Hausa, in ba ka ji ka nemi wanda za ya hwassara maka. Ni ce wadda abokinka za ya aura. Don Allah ka taimaka ka sako kuɗɗin nan. Ba don shanun babana kaɗai ba. Mutane suna ce mai ɓarawo, shi kau maraya ne, bai da kowa sai Innatai, kuma bai taɓa cin haƙƙin wani ba. Ya rame, ba ya cin abinci. Ka ji tsoron Allah kar ka kunyata shi."

Na saurara har ƙarshe, na sake saurara. Hawaye suka jiƙa mini gaban riga. Sannan na share fuska, na rubuta mata amsa da Turanci, cewa ta kwantar da hankalinta, mako mai zuwa kuɗi za su iso. A duk abin da na aikata, wannan ne nake kasa ɗaga kai idan na tuna.

Mako ya wuce. Ranar kasuwa, ruwan farko ya sauka da safe, ƙasa tana ƙamshi, manoma suna ta hanzarin komawa gida. Sai ga Luba da Sista Rifkatu a rumfata. Sista ta ce, "Ɗan'uwa, rubutu ya isa haka. Bari mu kira mutumin nan a gabanka, ni zan yi masa Turancin, kai kuma ka sa baki." Kafin in ce wani abu ta danna. Na manta ban kashe tsohuwar wayar ba. Aljihun teburin da ke tsakanina da Luba ya fara ruri.

Luba ce ta miƙa hannu ta jawo aljihun, ta ɗauko wayar, ta ga lambar Sista a fuskarta. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta ce a hankali, "Ashe kai nir roƙa." Ta ajiye wayar a kan tebur ta fita cikin yayyafi. Wannan ne ganina da ita na ƙarshe.

Kafin la'asar jama'a sun cika rumfar. 'Yan sanda ne suka ƙwace ni daga hannunsu. A kotu ban yi musu ba. Aka sayar da akwatunan lefe da agogo da kayan rumfa, abin da aka samu bai kai ko'ina ba. Alƙali ya yanke mini shekaru, aka kai ni gidan yari a Gusau.

Ba zan cika ku da labarin ƙwarƙwata da ƙuraje da tuwon da ba ya ƙosarwa ba. Abin da ya fi su ciwo shi ne damina. Duk lokacin da na ji ruwa a kan kwanon ɗakinmu, sai in ga gonar Baba Mani a idona, babu huɗa. Inna takan zo idan hanya ta yi lafiya, da ƙullin garin rogo da ƙuli-ƙuli. Ba ta taɓa yi mini faɗa ba. Sau ɗaya kawai ta ce, "Na bar suya ƙohwar gida. Ban iya kallon mutane." Wani dattijo da muke ɗaki ɗaya ya riƙa yi mini karatu, shi ya faɗa mini cewa Allah yana yafe abin da ke tsakaninsa da bawa, amma haƙƙin mutane sai an je wurin masu shi.

Saboda haka da aka sake ni, bayan na kwana a gaban Inna, Duza na nufa. Na tsaya a ƙofar gidan su Luba na yi sallama, wata mata ta leƙo ta ce Luba ta yi aure tuni, tana Bukkuyum, har da goyo. Na tambayi Baba Mani. Ta nuna mini bayan gari da baki.

Tun daga nesa na ji ƙarar injin niƙan dutse. Na tarar da shi a tsaye yana zuba dutsen zinare a bakin injin, ya ɗaure hanci da tsumma, ƙura ta mayar da gemunsa da girarsa fari fat. Ya tsufa fiye da shekarun da na yi a ɗaure. Wani ma'aikaci ya faɗa mini cewa tun daminar da ya rasa shanu ya yi kaffarar rantsuwarsa ya dawo. Ba ya shiga gida sai ya yi wanka a rafi ya canza tufafi, kuma ya hana jikokinsa hawa cinyarsa.

Na durƙusa a gabansa. Ya sa aka rage injin, ya daɗe yana kallona kafin ya gane ni. Na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce zan yi aiki in biya shi ko da zai ɗauke ni sauran rayuwata.

Ya yi tari mai tsawo. Ya ce, "Na yahe maka tun kana can, don ina son in gamu da ɗiyana biyu ba ni riƙe da kowa. In ka samu ka biya waɗanda sunka hi ni buƙata." Sai ya kama hannun rigata ya ja ni gefe. "Tashi nan, yaro. Inda kad durƙusa nan iska ka kai ƙurar."

Ya koma bakin injinsa.

Yanzu ina dako a kasuwar Gummi, duk abin da na samu ina raba shi, wani na Inna, wani na mutanen da na cuta. Ban yi aure ba. Na tuba ga Allah, kuma ina roƙon duk wanda wannan rubutu ya iske cikin waɗanda na zalunta ya yafe mini.

Ƙannena, gaskiya ne duniya ta haɗe, kuɗi suna shiga ƙasashe suna fita ba tare da an gan su ba, kuma akwai masu cin halak a wannan hanya. Amma kada ku miƙa guminku ko na iyayenku ga wanda ba ku san ƙofar gidansa ba, kome nisan garin da ya ce yana zaune. Kada ku karɓi amanar da kuka san ba za ku iya mayarwa ba, ko da ƙin karɓar zai tona muku asiri. Idan kuma kuna son wata, ku je mata a yadda kuke, da tsohon babur ɗinku da sana'ar uwarku. Idan ta ƙi, za ku yi kuka ku warke. Ni tawa ba ta ƙi ni ba. Tun ina cikin rumfa da tsohuwar riga take tahowa daga Duza da wayar da cajinta bai ƙare ba, ni ne ban lura ba.